Ciyawar tekun Banc d'Arguin: littafin aiki

4 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan littafi ne don kada in maimaita abin da ya same ni a aikin ciyawar kacalla na fadamar Haɗeja da Nguru, inda na kai wata na biyar na kasa tuna dalilin da ya sa na zubar da wasu hotuna a wata na biyu. Wannan karon duk abin da na yi zan rubuta, tare da dalilinsa.

Aikin shi ne in bibiyi filayen ciyawar teku na Banc d'Arguin, a gaɓar Muritaniya tsakanin Nuwadibu da Nuwakshot, ta hotunan tauraron ɗan'adam, daga 2016 zuwa bana, in ga ko ƙaruwa suke ko raguwa. In hali ya yi, in koma baya da hotunan Landsat, taurarin ɗan'adam na Amurka, har shekarun 1980. Ni ina Kano gaban kwamfuta. Abokin aikina yana Nuwakshot, shi ne mai shiga laka.

Da na gaya wa Inna sai ta ce, "Ciyawa a teku? To wace saniya ce ke kiwo a can?" Na yi dariya, amma tambayar tana kan hanya. Ciyawa ce ta gaske, ba gansakuka ba. Tana da saiwa, tana fure, tana yin iri, tana kuma yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa kamar kirikiri. Masu kiwonta kunkurun teku ne, har da waɗanda ke yin ƙwai a tsibirin Poilão na Gini Bisau su yo iyon kusan kilomita 1,000 don su zo su ci.

Iri uku ne a wurin. Zostera noltei mai siririn ganye tana kan lakar da teku ke rufewa ya kuma buɗe sau biyu a yini. Cymodocea nodosa da Halodule wrightii sun fi zama inda ruwa ba ya janyewa. An killace yankin a matsayin gandu a 1976, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1989, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 12,000, wajen rabi ƙasa rabi ruwa. Masunta Imragen, mazauna wurin, su ne ke da izinin kamun kifi a ciki, su ma da jirage masu tafiya da iska, ba inji.

11 ga Nuwamba

Na tsaya kan Sentinel-2, taurarin ɗaukar hoto na Tarayyar Turai. An harba na farko a Yunin 2015, na biyu a Maris 2017, kuma su biyun tare suna dawowa kan wuri ɗaya duk kwana 5. Kowane ɗigo a hoton mita 10 ne tsawo da faɗi, wato ɗigo 100 ke yin hekta ɗaya. Kyauta ne, sai dai kuɗin data, don fayil ɗaya yakan kusanci gigabait guda. Allah ya taimake ni wani tsohon ɗalibin sashenmu ya bar faifai cike da hotunan yankin na 2016 zuwa 2021, waɗanda ya sauke tun yana nan. Na 2022 zuwa bana ne kawai zan sauke da kaina.

An ɗauke wuta sau uku yau. Fayil biyu na samu.

22 ga Nuwamba

Matsala ta farko, kuma ban yi tsammanin girmanta ba. A fadamar Haɗeja, in ka ɗauki hoto yau ka ɗauki wani jibi, ruwan yana inda ka bar shi. A nan ba haka ba ne. Teku yana cikowa ya janye kusan duk awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana jinkirta da wajen minti 50. Shi kuwa tauraron ba ruwansa, lokacinsa ɗaya ne, wajen goma da rabi na hantsi a agogon rana. In ya zo ya tarar ruwa ya cika, abin da zai ɗauko ruwa ne mai launin ƙasa-ƙasa, ciyawar tana ƙarƙashi. In ya tarar an janye, ga fili kore shar. Wanda ya jera waɗannan hotuna biyu bai san labarin ba, zai rantse an yi asarar ciyawa cikin kwana biyar.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne lissafin na wata ne. Ruwa ya fi cikowa, ya kuma fi janyewa, a kwanakin tsayuwar wata da na tsakiyarsa, kuma zagayen yana komawa duk kwana 14 da 'yan awoyi, kusan 15. Tunda tauraron na zuwa duk kwana 5, hoto na uku bayan kowane hoto yakan tarar da teku kusan a halin da na farkon ya bar shi. Na rataye kalandar Hijira a gefen tebur, kuma ta fi ta Bature amfani wajen hasashen wane hoto ne zai yi kyau.

A takarda, shekara ɗaya na da hoto 73. Bayan na cire na lokacin cikowa, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma ban ma fara cire na gajimare ba.

Jadawalin cikowar teku na tashar Nuwadibu bai yi mini aiki sosai ba, don ruwan yana ɗaukar lokaci kafin ya ratsa magudanan da ke kewaye da tsibirin Tidra. Don haka hoton da kansa na mayar ma'auni: na zaɓi wani tudun laka, ina ƙirga ɗigon da ya fito fili a kowane hoto. In bai kai iyakar da na sa ba, hoton ya fita.

9 ga Disamba

Hazo. Ina zaune ina shafa man kaɗe a leɓe, ina kallon irinsa a allon kwamfuta, a wata ƙasa mai nisan dubban kilomitoci. Ƙurar Sahara tana bi ta kan gaɓar Muritaniya ta shiga Atlantika, kuma ta fi gajimare mugunta a wannan aiki. Gajimare fari ne tas, manhaja na gane shi ta rufe wurin. Ƙura kuwa shara-shara ce, ana hango ƙasa ta cikinta, sai dai ta ƙara ja a kan komai, kore ya dushe. Hoton da za ka ce lafiyarsa ƙalau, lambobinsa sun karkace.

Gyaran iska, wato na cire tasirin hazo da iskar sama, da ke zuwa tare da hotunan an tsara shi ne musamman don tudu. Na gwada ACOLITE, manhajar da masu bincike a Beljiyam suka yi don ruwan gaɓa, ta fi, amma ranar hazo mai kauri ita ma sai a hankali. Na yanke shawarar duba kowane hoto da idona kafin ya shiga lissafi. Aiki ne na kwana huɗu. Ido ba mudu ba, ya san ƙima.

19 ga Disamba

Yau na fitar da jadawali na farko. Ma'aunin da na yi amfani da shi NDVI ne, wanda duk mai wannan sana'a ya sani. Ganye mai rai yana shanye jan haske, yana kuma mayar da hasken da ke bayan ja, wanda idon mutum ba ya gani. Ka cire na ja daga na bayan ja, ka raba da jimillarsu, ka sami lamba. Laka tsirara tana ƙasa-ƙasa, ciyawa mai kauri tana sama.

Daga 2016 zuwa 2021 layin yana hawa yana sauka da yanayin shekara, ba wani abin tayar da hankali. A farkon 2022 sai ya faɗo ƙasa warwas, kusan rabi, kuma bai sake tashi ba har yau.

Na kasa zama. Na yi ta safa da marwa a ɗaki. Har na fara tsara kanun takardar da zan rubuta. Na tura wa Malam jadawalin da misalin sha ɗaya na dare, abin da ban taɓa yi ba.

23 ga Disamba

Malam ya kira ni ofis. Ya ɗora jadawalin a tebur, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ciyawa ta mutu a rana ɗaya, a ko'ina, daidai wa daida?"

Na ce, "Malam, wataƙila zafin ruwa ne."

Ya ce, "Wataƙila. Je ka duba abin da ba ya tsiro. Ruwa mai zurfi, can nesa da gaɓa. Ka dawo ka gaya mini."

Na fito raina ba daɗi. A zuciyata na ce dattijo ba ya son a rigaye shi gano abu. Na rubuta wannan a nan ne don in riƙa karantawa.

6 ga Janairu, 2025

Ruwa mai zurfi yana shanye hasken bayan ja kusan gaba ɗaya, don haka lambarsa ya kamata ta kasance dab da sifili a kowane hoto. A hotunan faifan tsohon ɗalibi haka take. A hotunan da na sauke da kaina kuwa, ta haura 1,000. Teku bai canza ba. Fayilolin ne suka canza.

Daga 25 ga Janairu, 2022, hukumar sararin samaniya ta Turai ta sauya tsarin sarrafa hotunan Sentinel-2, ta ƙara 1,000 a kan lambar kowane ɗigo, don a sami damar adana lambobin da ke ƙasa da sifili a wurare masu duhu. An rubuta wannan ƙarara a takardun bayani, kuma yana cikin fayil ɗin da ke rakiyar kowane hoto. Ni ne ban karanta ba. Manhajojin da aka sabunta suna cirewa da kansu, amma ni da hannu na rubuta nawa lissafin.

Ga yadda ɓarnar take. A ce ɗigon ciyawa yana da 400 a ja, 1,600 a bayan ja. Bambanci 1,200, jimilla 2,000, NDVI ya zama 0.6. Ƙara 1,000 a kowanne: 1,400 da 2,600. Bambancin na nan 1,200, amma jimilla ta koma 4,000, NDVI ya zama 0.3. Ko ganye ɗaya bai faɗi ba, rabin ciyawar Muritaniya ta mutu a kwamfutata.

Na gyara. Ramin ya ɓace. Na koma wajen Malam na ce, "Allah ya gafarta Malam, laifina ne." Bai ce komai ba sai, "To, madalla. Yanzu aiki ya fara." Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda labarin ya yi daidai da abin da nake tsammanin gani. Da layin sama ya yi, da na yi shakka tun daren. Da yake ƙasa ya yi, na karɓa hannu bibbiyu, don kowa ya san ciyawar teku na ƙarewa a duniya.

27 ga Janairu

Na kafa doka: wurare uku da ba sa canzawa za su riƙa bin kowane jadawali. Ruwa mai zurfi, wani farin rairayi a tudu, da wani fili mai duwatsu. In suka motsa, na'ura ce ko iska ko ni. Dokar ta zo a kan gaɓa, don a wannan watan Sentinel-2C, wanda aka harba a Satumban bara, ya karɓi aikin na farkon. Sabuwar na'ura, sabon ido. Zuwa yanzu wuraren ukun ba su nuna tsalle ba.

Abokina ya sami izinin hukumar gandun. Zai tafi Iwik, wani ƙauyen Imragen a cikin gandun, a sati na biyu na Fabrairu. Na ba shi ranakun da tauraron zai wuce, shi kuma zai daidaita da masu jirgi.

17 ga Fabrairu

Ya dawo. Kwana shida, wurare 60. A kowane wuri yana ajiye firam mai faɗin rabin mita, ya ɗauki hoto daga sama, ya ƙiyasta kashi nawa ciyawa ta rufe, ya rubuta lambar GPS. Ya ce laka a wasu wuraren har gwiwa, takalminsa ɗaya yana can. Rana ɗaya iska ta kwanta, jirgin ya ƙi motsi, suka wuni a ruwa suna shan shayi.

Hangen Dala ba shiga birni ba. Wurare bakwai da taswirata ta ce ciyawa ce mai tsaka-tsakin kauri, ya tarar ba ko ganye. Laka ce da wani siririn lulluɓi mai ruwan zinare a kanta, na ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya da ke hawowa saman laka idan ruwa ya janye rana ta haska. Su ma suna shan jan haske, don haka NDVI ya ɗauke su ciyawa. A wasu wurare biyu kuma koren gansakuka ne da ruwa ya kwaso ya jibge.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya ɓangaren. Inda ɗan ruwa ya kwanta a kan ciyawa, ko da na 'yan santimita ne, yana cinye hasken bayan ja, sai ciyawa mai kauri ta fito kamar mai sanƙo. Kuma bayan wani mataki na kauri, lambar tana tsayawa cak: ciyawar da ta rufe ƙasa ruf da wadda ta ninka ta biyu, ɗaya suke a idon tauraro.

Wani dattijo mai jirgi ya nuna masa wani tudu ya ce a ƙuruciyarsa ba haka yake ba. Na tambayi abokina ko ya ce ƙaruwa ya yi ko raguwa. Ya ce, "Cewa ya yi ya matsa." Na daɗe ina juya wannan kalma. Jadawalina yana ƙirga jimillar hekta ne kawai. In ciyawa ta bar gabas ta koma yamma, jimilla ba za ta nuna komai ba.

Matsalar GPS: na hannu yakan kauce da mita uku zuwa biyar, ɗigo kuma mita 10 ne. Duk wurin da ya faɗa bakin iyakar ciyawa da laka na ajiye shi gefe. Saura 48. Zan koyar da kwamfuta da kashi biyu cikin uku, in ɓoye sauran don jarrabawa.

1 ga Maris

Ɗaya ga Ramadan, kuma ranar ciyawar teku ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2022 bisa shawarar Sri Lanka. Ban yi aiki sosai ba, karatu na yi.

Lambobin da ake yawan ambata a irin wannan rana sun fito ne daga binciken Michelle Waycott da abokan aikinta na 2009: kashi 29 cikin 100 na filayen da aka sani sun ɓace tun 1879, kuma tun 1980 ana asarar wajen murabba'in kilomita 110 a shekara. Kalmar da na ja wa layi ita ce "da aka sani". Yawancin wuraren da aka auna suna Turai, Amurka da Ostareliya. A 2022 ne aka ba da labarin girman filin ciyawar Bahamas, sama da murabba'in kilomita 66,000, kuma sai da aka haɗa hotunan tauraro da kyamarorin da aka maƙala wa kifayen shak kafin a tabbatar. In irin wannan fili zai zauna ba a ƙirga shi ba har zuwa jiya-jiya, ina ga gaɓar Afirka ta Yamma?

Na kuma sake karanta labarin da ya fi burge ni a wannan wuri. Ganyen da ya mutu yana ruɓewa a cikin laka, ya haifar da salfaid, sinadarin nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda guba ne ga saiwar ciyawa. A tsakanin saiwoyin akwai wata 'yar halitta mai ɓawo biyu irin makankari, sunanta Loripes. A jikinta akwai bakteriya da ke cin salfaid ɗin. Ciyawa tana ba su iskar oksijin ta saiwa, su kuma suna kwashe mata guba. Masu bincike daga Holan suka bayyana wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka a mujallar Science a 2012, kuma Banc d'Arguin na cikin inda suka yi aikin. Sannan tsuntsayen gaɓa, waɗanda sama da miliyan biyu ke zuwa cin rani nan daga arewacin Turai, Saberiya da Girinlan, wasunsu wannan halitta suke tonowa su ci. Duk wannan yana faruwa a ƙarƙashin ɗigo ɗaya kore a allona.

18 ga Maris

Sati biyu na ɓata a kan ciyawar ƙarƙashin ruwa. NDVI ba ya aiki a can, sai shuɗi da kore, su ne ke ratsa ruwa. Na bi hanyar da David Lyzenga ya fitar tun 1978, wadda ke ƙoƙarin cire tasirin zurfi don a ga launin ƙasan. Na cire ƙyallin rana a kan igiyar ruwa. Hanyar tana so ruwa ya zama garau kuma iri ɗaya a ko'ina. Na Banc d'Arguin kuwa kamar kunun kanwa yake a ranar iska. Wuri mai duhu a hoto yana iya zama ciyawa, ko rami mai zurfi, ko inuwar gajimare, kuma ba ni da ko wuri ɗaya da aka nutsa aka duba.

Na ajiye shi. Rahoton zai tsaya kan ciyawar da ruwa ke buɗewa, zan kuma rubuta haka a shafin farko. Malam ya yarda. Da azumi a baki, ban ma yi gardama da kaina ba.

8 ga Afrilu

Bayan Sallah na koma Landsat. Da tsohuwar zuma ake magani: Landsat 5 ya yi aiki tun 1984, kuma Amurka ta buɗe rumbun hotunan kyauta a 2008. Amma ɗigonsa mita 30 ne, wato ɗigon Sentinel tara a cikin ɗaya, kuma sai bayan kwana 16 yake dawowa. Ka tace da cikowar teku, ka tace da hazo, wasu shekarun hoto ɗaya ke saura, wasu babu ko ɗaya.

Na yi wa hanyata jarrabawa da abin da aka riga aka sani. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa fari da zafi na 2011 sun kashe ciyawa mai yawa a kan lakar wannan wuri: ta bushe a lokacin janyewar ruwa, halittar nan mai ɓawo ta ragu, salfaid ya taru, mutuwar ta ci gaba. In hanyata ba ta ga 2011 ba, ba ta da amfani. Rashin sa'a, shekarar ta faɗo a mummunan lokaci. Landsat 5 ya daina ɗaukar irin waɗannan hotuna a Nuwamban 2011, Landsat 8 bai tashi ba sai Fabrairun 2013, shi kuma Landsat 7 tun Mayun 2003 wani ɓangare na na'urarsa ya lalace, hotunansa duk zane-zanen baƙin layi ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar babu komai. Da abin da ya samu na lallaɓa. Layin ya sauka a inda ya kamata ya sauka, wuraren nan uku kuma ba su motsa ba. Ba zan sa masa lamba ba, hotunan sun yi kaɗan, amma na yi barci mai daɗi.

29 ga Afrilu

Na sake gina taswirar da zangon haske goma maimakon biyun nan, ja da bayan ja, har da waɗanda ke tsakaninsu masu ɗigon mita 20, waɗanda suka taimaka wajen raba ciyawa da lulluɓin zinaren nan. A wurare 16 da na ɓoye, ta ci 13. Ukun da ta faɗi duk ciyawa ce mai sanƙo. Goma sha shida ba adadin da za a buga ƙirji da shi ba ne.

Sai lissafin baki. Filayen nan ba murabba'i ba ne, magudanan ruwa sun tsattsaga su kamar jijiyoyin ganye, bakinsu yana da tsawo ƙwarai. A ce tsawon bakin kilomita 100 ne, na kuma kauce da ɗigo ɗaya tak a duk tsawonsa. Mita 10 sau kilomita 100, murabba'in kilomita ɗaya ke nan, hekta 100. Ruwa ya ɗara na bara da tafin hannu a ranar hoto, ya isa ya jawo wannan. Saboda haka duk bambancin shekara da shekara da bai wuce kuskuren baki ba, ba zan kira shi canji ba. Da na sa wannan sharaɗi, yawancin hawa da saukar da ke jadawalin 2016 zuwa 2024 sun faɗa cikinsa.

Wani abokin karatu ya leƙo ya ce, "Wata shida kana aiki, sakamakonka shi ne ba ka ga komai ba?" Na ce masa na ga abubuwa da yawa, ciyawa ce dai ba ta cikin mafi yawansu.

20 ga Mayu

Maganar dattijon Iwik ta sa na sauya tambaya. Na bar jimillar hekta, na koma bin kowane ɗigo shi kaɗai: a shekaru tara, sau nawa ya zama ciyawa a watanni iri ɗaya, a janyewar ruwa iri ɗaya? Taswira ta rabu uku. Akwai cibiya da ba ta taɓa canzawa ba. Akwai lakar da ba ta taɓa yin kore ba. Sai wani ɗamara a tsakani, mai zuwa da komowa, mafi yawansa a tudun da ya fi daɗewa a rana idan ruwa ya janye, da kuma bakin magudanai.

A cikin ɗamarar akwai wurare huɗu da suka tafi hanya ɗaya shekara bayan shekara ba su waiwayo ba, biyu sun yi kore, biyu sun koɗe. Ɗaya daga cikinsu yana kusa da tudun da dattijon ya nuna. Na duba wuraren nan uku marasa canji, na duba hazo, na duba wace na'ura ce ta ɗauki kowane hoto. Har yanzu suna nan.

Na tura wa abokina lambobin wuraren huɗu ba tare da na gaya masa wanne ne wanne ba, don kada idonsa ya ga abin da na ce ya gani. Zai koma bayan Babbar Sallah in kuɗin mota ya fito. Na roƙe shi ya nemi dattijon, ya tafi da taswirar a buge a takarda, ya bar shi ya fara magana. Kafin nan akwai hotunan Afrilu guda uku da ban tace ba, kuma batirin injin wutar ofis ya mutu tun ranar Alhamis.